GBS: ƙwayar da uwa ke ɗauke da ita lafiya lau, amma take iya kayar da jariri kafin suna

Cikin duk mata biyar ko shida da ke zaune a bencin awo, akwai ɗaya da ke ɗauke da wata ƙwayar bakteriya a hanjinta ko a gabanta, kuma ita kanta bata san da zamanta ba. Ba ƙaiƙayi, ba wari, ba fitar ruwa, ba ciwon mara, ba komai, tana cin abincinta tana shan maganin ƙarin jininta cikinta na girma lafiya lau. Sunan ƙwayar Group B Strep, likitoci suna taƙaitawa suce GBS. Ga babban mutum mai lafiya kusan ba ruwanta da shi, zamanta kawai take. Matsalar tana zuwa ne a ƴan awannin nan da jariri zai biyo ta hanyar haihuwa, ko kuma in faya ta fashe aka daɗe ba'a haihu ba ƙwayar ta samu hanya ta haura sama ta iske shi a ciki.

Tun kafin muyi nisa bari in cire wani abu daga hanya, domin nasan halinmu, da zarar ance an ga wani abu a gaban mace sai a fara kallon-kallo. GBS ba ciwon sanyi bane, ba'a lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta kwanciyar aure, ba daga masai ake kwasota ba, ba ƙazanta bace, ba kuma kishiya ce ta shafa miki ba. Gidanta na asali hanji ne, maza ma suna ɗauke da ita, daga can take gangarowa gaba saboda kusancin wuraren biyu. Kuma zuwa take tana tafiya, wata ayi mata gwaji yau a gani, bayan wata biyu a nema a rasa, wata kuma akasin haka. Ku riƙe wannan maganar ta zuwa da tafiya dan kusan duk rigimar da ƙasashe suke akan gwajin daga nan ta taso.

Lissafin yadda yake: in uwa tana ɗauke da ita lokacin naƙuda, kusan rabin jariran zasu kwaso ta a fatarsu da hancinsu da bakinsu, amma yawancinsu ba abinda zai same su. Ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na waɗanda suka kwaso ne take shiga jininsu ko huhunsu ko ƙwaƙwalwarsu. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauƙaƙa shi haka, uwa mai GBS da ba'a bata magani lokacin naƙuda ba, jariri 1 cikin 200 zai kamu, in an bata kuwa 1 cikin 4,000. Wani zai ce ai 1 cikin 200 ba yawa, gaskiya ne, amma ka ninka shi da yawan matan da ke haihuwa kullum. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 tare da makarantar nazarin cututtuka ta Landan ya ƙiyasta mata masu ciki kusan miliyan 20 ne ke ɗauke da ita duk shekara, tana da hannu a mutuwar jarirai kusan 100,000, da waɗanda ake haifa ba rai aƙalla 46,000, da bakwaini sama da rabin miliyan, kuma kaso mafi tsoka na mace-macen a Afirka ne kudu da Sahara.

Ciwon kala biyu ne a jarirai. Akwai mai zuwa da wuri, daga ranar haihuwa zuwa kwana shida, wato kafin suna kenan, kuma yawancinsu ma cikin awa 24 na farko alamun suke bayyana, wani tun daga fitowarsa. Wannan shine wanda ke zuwa kai tsaye daga uwa. Sai mai zuwa daga baya, daga kwana bakwai har zuwa wata uku, wanda yafi zuwa da sanƙarau, shi kuma ba lallai daga hanyar haihuwa ba, zai iya zuwa daga hannun masu ɗaukar yaro ko daga asibiti. Kuma dan Allah kar a haɗa shi da sanƙarau ɗin da muka sani na lokacin zafi da ake bi gida-gida ana allura, wancan wata ƙwayar ce daban, allurarsa bata kare jariri daga wannan. Yaran da suka tsira daga sanƙarau na GBS kusan ɗaya cikin uku ana barinsu da wani tabo, kurumta, farfaɗiya, jinkirin zama da tafiya da magana.

Yadda yake kama jariri abin tsoro ne saboda saurinsa. Yaro ne an haife shi da asuba yayi kukansa an yi masa kiran sallah a kunne an goge shi an naɗe, kowa na barka, zuwa azahar sai aji yana wani nishi-nishi duk fitar numfashi kamar mai yunƙuri, hancinsa na buɗewa, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, a bashi nono yaƙi kamawa ko ya kama ya saki, jikinsa ya saki lagwai-lagwai. Wani jikin zai ɗau zafi, wani kuma sanyi ƙalau zaka ji shi, kuma wannan sanyin ne yake yaudarar mutane tunda mu in ba zazzaɓi to a wurinmu ba ciwo. Sai kaka tace barci ne irin na jarirai a ƙyale shi, ko ace ruwa ya sha wajen haihuwa zai fitar. Kafin gari ya waye labari ya canja. In kika ƙirga numfashin jariri na minti guda cur kika samu 60 ko fiye yana kwance ba kuka yake ba, ko baya motsi sai an taɓa shi, ko yana jijjiga ko taune-taune, ko maɗigarsa ta kumburo, wannan ba na jiran safiya bane kuma ba na kemis bane, asibitin da ke da sashen jarirai ake nufa a daren.

Toh maganin fa. Anan abin yake da ban sha'awa dan maganin ba wani sabo bane mai tsada, fenisilin ne, tsohon maganin nan, har yau yana kashe GBS. Amma sharaɗinsa biyu, ta jijiya za'a bada shi, kuma lokacin naƙuda. A Amurka ana fara wa da yunit miliyan 5 sannan a riƙa ƙarawa duk bayan awa huɗu har a haihu, in babu shi a bada amfisilin giram 2 sannan giram 1 duk awa huɗu. Ana so allurar farko ta shiga aƙalla awa huɗu kafin yaro ya faɗo, dan maganin ya ratsa jinin uwa ya kai ga jariri ya kuma shiga ruwan da yake kwance a ciki. In bai kai awa huɗun ba duk da haka yana rage wani abu, kuma ba'a riƙe haihuwa dan a cika awannin.

Tambayar da kowa keyi itace, to tunda an gani tun cikin yana wata takwas me zai hana a bani ƙwayoyi in sha in rabu da ita. Ba ya aiki. An gwada tun tuni. Kamar nome ciyawa ne a tsakiyar damina, kin share yau, kwana kaɗan ta dawo, tunda tushenta yana hanji kuma ba maganin da zai wanke hanji tas. Sai ki sha kwalin ogumentin guda, ki samu gudawa da ƙaiƙayin gaba a banza, ranar naƙuda kuma ƙwayar tana nan daram. Wannan yana bani haushi sosai dan a wurinmu duk abinda aka gani a sakamakon gwaji sunansa infekshan, kuma duk infekshan sai an rubuta masa allurai na kwana biyar har da miji. Inda kawai ake bada magani tun da cikin shine in an ga GBS a fitsari da yawa, wannan ciwon mafitsara ne kuma ana maganinsa a lokacin, sannan duk da haka ranar naƙuda sai an sake bata na jijiya, domin ganinta a fitsari alama ce tana da yawa sosai a jikin.

Wadda fenisilin baya karɓarta kuma ta faɗa tun a awo, ta kuma faɗi me ya faru da ta sha, ƙuraje ne kawai ko kumburin fuska da sarƙewar numfashi, domin amsar ce zata sa a zaɓa mata sefazolin ko kilindamaisin ko bankomaisin. Wadda aka shirya yiwa tiyata tun kafin naƙuda ta tashi kuma faya bata fashe ba, bata buƙatar wannan na GBS ɗin.

Yanzu ga inda manya suka rabu. Kowa ya yarda maganin yana aiki, rigimar itace wa za'a ba.

Amurka tace a gwada kowa. A shekarun 1970 ne GBS ta zama babbar mai kashe jarirai a asibitocinsu, lokacin kusan rabin waɗanda suka kamu basa tashi. A 1996 suka fitar da ƙa'ida ta farko da ta bar wa likita zaɓi, ko ya gwada ko ya bi alamun haɗari irinsu zazzaɓin naƙuda da daɗewa bayan fashewar faya, a 2002 suka ce a'a kowace mai ciki a gwada ta tsakanin sati 35 da 37, a 2019 ƙungiyar likitocin mata tasu ta matsar da shi zuwa sati 36 har ƙarshen na 37. Dalilin matsarwar shine sakamakon baya wuce sati biyar yana da amfani, saboda zuwa da tafiyar nan da na faɗa, so ake ya kai har ranar haihuwa ko da cikin ya ɗan zarce. Kuma sunga amfani, mai zuwa da wuri ya sauko daga wajen 1.7 cikin haihuwa 1,000 a farkon shekarun 1990 zuwa ƙasa da 0.3. Wannan ba ƙaramin abu bane. Amma mai zuwa bayan kwana bakwai ko gezau, yana nan yadda yake, maganin naƙuda baya taɓa shi.

Ingila kuma tace a'a. Kwamitinsu mai duba irin waɗannan gwaje-gwaje ya sha zama akai, a 2017 ma ya sake cewa ba za'a gwada kowa ba, kuma hujjojinsu ba na wasa bane. Na farko, cikin matan da gwaji ya nuna suna da ita a sati 35 zuwa 37, kusan ɗaya cikin biyar ranar haihuwa babu ita, an basu magani a banza kenan, sannan wasu ƴan kaɗan da akace basu da ita ranar haihuwa ta zo, an sake da su kuma ba'a basu ba. Na biyu, jariran da ciwon yafi kashewa bakwaini ne, su kuwa an haife su tun kafin lokacin gwajin yazo. Na uku, in ka ɗura wa mata 200 magani dan ka kare jariri ɗaya, sauran 199 ɗin da dama lafiya zasu haihu sun sha antibayotik su da ƴaƴansu, ga batun ƙwayoyin cuta da ke ƙara taurin kai, ga ƙwayoyi masu amfani na cikin jariri da ake dagulawa tun ranar farko, ga ƴar ƙalilan da maganin zai iya tayar musu da mummunan alaji. Dan haka su alamun haɗari suke bi. A wurinsu jariri wajen 1 cikin 1,750 ke kamuwa da mai zuwa da wuri, kuma iyayen da suka rasa ƴaƴa sun daɗe suna matsa wa gwamnati lamba akan a koma gwada kowa, har takai aka ƙaddamar da wani gagarumin bincike mai suna GBS3 ƙarƙashin jami'ar Nottingham dan a gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa a asibitoci masu yawa.

Ni a ganina in ana maganar ƙasar da kusan kowa a asibiti take haihuwa kuma ɗakin gwaji na aiki, hujjar Amurka tafi ƙarfi, dan matsalar bin alamu itace jarirai da yawa da suka kamu uwayensu basu nuna alama ko ɗaya ba, cikinsu ya cika, ba zazzaɓi, faya ta fashe akan lokaci. Amma wannan muhawarar masu hali ce. Mu namu lissafin daban ne.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ko kashi 20 bai kai ba, kuma jarirai 39 cikin 1,000 basa cika wata ɗaya. To ko yau aka wayi gari gwajin GBS kyauta ne a kowane asibitin sha-ka-tafi, matar da zata haihu a ɗaki ita da ungozoma waye zai saka mata allura a jijiya duk awa huɗu. Waɗanda ma suke zuwa asibitin, ku tambayi duk wata nas ta ɗakin haihuwa, da yawa sai kai ya sauko ake shigowa dasu a adaidaita, wata a bakin gyet ma take sauka, saboda zuwa da wuri ana ganinsa kamar raki ne, musamman ƴar fari da ake so ta nuna dauriya da kunya. Awa huɗun nan da maganin ke buƙata a gida ake cinye su ana shan rubutu ana zagaya tsakar gida.

Sannan gwajin kansa ba ya cikin jerin abinda ake yi a awo a yawancin asibitocinmu. Ana duba yawan jini, rukunin jini, jinotayif, HIV, ciwon hanta, fitsari, maleriya, a yi sikanin, shikenan. Wadda taje ta nema da kanta kuma sau da yawa HVS ake mata, wanda ake saka ƙarfe a ɗebo daga can ciki kusa da bakin mahaifa, kuma ba shi bane. Na GBS ba'a saka ƙarfe, tsinken auduga ne ake gogawa a ƙasa-ƙasan farji daga bakin shiga sannan a saka shi a dubura, mace ma zata iya yi da kanta a banɗaki in an nuna mata, sai a rubuta a takardar ƙarara cewa GBS ake nema dan ɗakin gwaji su fara renonta a wani ruwa na musamman da ke danne sauran ƙwayoyi, in ba haka ba na hanji su rufe ta a ce ba'a ga komai ba. Sakamako kwana biyu zuwa uku. Ga kuma matsalar sati, mu da wata muke lissafi, wata ma bata fara awo sai cikin ya shiga wata bakwai, to gane sati 36 daidai sai an dace. Akwai gwajin gaggawa da ake yi ana cikin naƙuda a samu amsa cikin kamar awa guda, da irin na'urar GeneXpert ɗin nan da ake gwajin tarin TB da ita a asibitocinmu, sai dai kuɗin harsashin gwajin ba na kowa bane.

Shi yasa nake ganin abinda ke hannunmu yau shine alamun nan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idarta ta 2015 cewa tayi a ba mai ɗauke da GBS magani lokacin naƙuda, bata ɗora wa kowace ƙasa gwada kowa ba. Ga alamun: naƙuda ta tashi kafin sati 37. Faya ta fashe an kai awa 18 ba'a haihu ba. Zazzaɓi ya kai digiri 38 ana cikin naƙuda. An ga GBS a fitsari a wannan cikin. Ko an taɓa haifar jaririn da GBS ta kama. Duk wadda ke da ɗaya daga ciki, ko ba gwaji, ta cancanci allurar.

Biyu daga cikinsu sun fi shafarmu. Na fashewar faya, sau nawa mace zata ga ruwa yana bin ƙafarta kaɗan-kaɗan ba ciwo, ace mata ai zaƙi ne yake fita, alheri ne ma, a ƙara mata jiƙo, ta kwana biyu tana ƙunzugu tana jiran ciwo ya zo. Wannan ruwan in na faya ne to ƙofa ce a buɗe, duk awa ɗaya ƙwayoyin suna ƙara haurawa, kuma duk hannun da aka saka dan a duba ko ta buɗe ƙara tura su yake. In ruwa ya zubo a duba agogo a riƙe lokacin, shine tambayar farko da za'a yi a asibiti. Zazzaɓin naƙuda kuma kar a yanke masa hukuncin maleriya a tsaya nan, zai iya zama maleriyar zai iya zama mahaifar ce ta kamu, a duba duka biyun.

Na biyu shine tarihin haihuwar baya. A can ƙasashen uwa tana da takarda da ke cewa GBS ce ta kama ɗanta. Mu kuwa jariri ya koma kwana biyu da haihuwa, an binne shi ko suna ba'a yi ba, ba wanda ya ɗebi jininsa, in abin ya maimaitu a fara kiranta mai wabi, a shiga neman tsari daga iska da maita. Ba ina cewa duk irin wannan GBS bace, dalilai suna da yawa, akwai rashin jituwar jini, akwai wahalar naƙuda, akwai shawara mai tsanani. Amma mace in an tambayeta a awo haihuwa nawa, kar ta ƙirga rayayyu kawai ta tsallake wanda ya koma dan bata son tunawa ko dan kara, ta faɗi kwana nawa yayi da yadda ya yi kafin ya cika, likita mai lura daga nan zai san me zai shirya.

Wani zai ce ai binciken da ake yi a asibitocinmu ba GBS ake yawan gani a jinin jarirai ba, kuma haka ne, babban binciken BARNARDS da aka yi a ƙasashe da dama har da Kano da Abuja, wasu ƙwayoyin irinsu Klebsiella ne a sahun gaba. Sai dai a tuna waye ke isa asibiti har a ɗebi jininsa. Wanda GBS ta kama a awa shida na farko a ƙauye baya cikin wannan lissafin, wanda aka fara yiwa allura a kemis kafin a kawo shi ma ƙwayar bazata tsiro a gwaji ba tunda fenisilin kaɗan ya isheta.

An nemi hanya mai arha wadda bata buƙatar jijiya. A Soweto ta Afirka ta Kudu an gwada goge gaban mata da ruwan kashe ƙwayoyi mai suna kuloheksidin lokacin naƙuda akan mata wajen 8,000, sakamakon ya fito a 2009, bai rage komai ba. Dan haka wanke-wanke da tsarki da ruwan zafi ko detol ko bagaruwa ba zasu cire ta ba, matsi kuma sai dai ya ƙara ɓata wurin. Abinda ake sa rai yanzu allurar rigakafi ce da za'a yiwa uwa da cikin kamar yadda ake yin ta tetanus a awo, jikinta ya haɗa garkuwa ya miƙa wa jariri ta mabiyiya, tun 1976 likita Carol Baker ta nuna cewa jariran da uwayensu ke da wannan garkuwar sun fi tsira. Irin wannan ce kaɗai zata iya kaiwa ga mai haihuwa a gida, ta kuma taɓa mai zuwa bayan suna da waɗanda ke mutuwa a ciki. Ƙwayar kala goma ce, kamfanin Pfizer ya haɗa wadda ta ƙunshi kala shida da suka fi ɓarna, an gwada ta akan masu ciki a Afirka ta Kudu aka wallafa sakamako mai ƙarfafa gwiwa a 2023, wani kamfanin Denmak mai suna MinervaX shima yana kan tasa. Shayarwa kuma ba'a dainawa saboda GBS, mai ɗauke da ita ta ba ɗanta nono tun awar farko kamar kowa, masu zuwa barka dai a ajiye musu ruwa da sabulu kafin su karɓi yaro.